Igiya Gaba Goma Sha Biyu

A shekarun da aka kawo shari'a, wa'azin da ya fi shiga kunnen mazan garinmu shi ne na babur. Malamai suka ce bai dace mace ta hau bayan ɗan acaba ba, tunda ba muharraminta ba ne. Maza suka karɓa hannu bibbiyu. Ni ban ce malamai sun yi kuskure ba, har yau ban ce ba. Amma ƙauyukan da ke arewa da mu, wajen iyaka, mota ba ta shiga. Yashi ne zalla, babur kaɗai ke ratsa shi. Da aka hana babur sai hanyar gidan iyayen mata da yawa ta toshe, kuma ba wanda ya lura.

Cikinsu har da matar ɗana. Damina biyu ba ta ga uwarta ba. Sai ga saƙo ranar kasuwar Mai'adua cewa yayarta ta haihu, suna ranar Juma'a. Yarinyar ta koma kan surfenta, amma ina zaune ina jin yadda taɓaryar ke sauka ba ƙarfi. Kuma na san abin da mijinta bai sani ba tukuna. Na ga yadda take kauce wa warin daddawa, na ga tsamiyar da take ɓoyewa a gefen zani tana tsotsa. Ciki ne, wata uku ko huɗu, na fari, bayan shekara huɗu ana jira. Mai cikin fari akwai tambayoyin da ba za ta taɓa yi wa uwar miji ba, ko da za su kashe ta.

Na kira ɗana na ce zan kai ta da ƙafa. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Na ce masa hanyar nan na bi ta ina budurwa zuwa wajen kakata, na bi ta da shi a ciki, na bi ta da shi a goye. A fita bayan sallar asuba, a yi azahar a rijiyar gawo da ke tsakiyar hanya, a kwanta a inuwa har rana ta karya, a shiga gari kafin magariba. Ya je ya tambayi liman. Liman ya ce tafiyar da ba ta kai kwana ba, in mata ne amintattu a tare, ba laifi. Ɗana ya dawo ya tsuguna a ƙofar ɗakina.

"Inna, bazara ce fa. In wani abu ya same ta a dajin nan, ita da fita garin nan har abada, ko da jirgi ne."

Na ce na ji. Zancen cikin kuwa na haɗiye shi. Da na faɗa, da tafiya ta mutu a nan ƙofar ɗaki. Na san nauyin da na ɗauka, na kuma ɗauka.

Daga wannan rana ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Ni da yara ke tsere wa in na ɗaga ido, sai ga ni ina shara ina 'yar waƙa a ciki. Shekara ta fi ashirin rabona da hanyar nan. Ina kwance ina jera ta a kai: burtali, busasshiyar ƙorama, kuka mai kogo, tudun yashi uku, sai gawo.

Mata biyu suka ce za su bi mu. Ɗaya taubashiyata ce, 'yar kawuna, tare muka tashi, kuma tun muna yara ban taɓa yin abu ta bar shi ba zolaya ba. Ɗayar malamar Islamiyyar matan aure ce, ƙawar matar ɗana, tana da gwaggo a can.

Ranar Laraba da la'asar na sa kowa ta kawo kayanta ta baje a tabarma. Taubashiyata ta zo da ƙullin ƙuli-ƙuli kamar mai zuwa talla. Na ture shi gefe. Duk abin da ke kiran ruwa ba ya bin mu: dawon fura, goro, ɗan dabino, shi ke nan. Silifas ɗinsu na tara na ajiye bakin murhu, don tsidau ba ya jin kunyar silifas. Na riga na bi gidaje na aro takalman taya irin na makiyaya. Na malama sun yi mata yawa, muka cusa tsumma. Kowa ƙaramar jarka ɗaya, na sa suka ɗinke ta cikin tsohon buhu, a jiƙa buhun iska ta riƙa sanyaya ruwan. Ni gorata na ɗauko, wadda ta girmi matar ɗana. Sai sanda, wuƙa, ashana, da hantsakin cire ƙaya da na rataya a wuya. Kayan barka, sabulu da 'yan rigunan jariri, na raba su uku, ban ɗora wa yarinyar komai ba sai jarkarta. Ta dube ni, na dubi wani wuri.

Hijabin malama ne muka yi ta kai ruwa rana a kansa. Ruwan toka ne, har ƙasa yana jan ƙura. Na ce ta nemi gajere. Ta sunkuyar da kai ta ce da irinsa ta saba. Na ce to, ƙarangiya za ta yi mata godiya. Ganin haka matar ɗana da taubashiyata su ma suka riƙe nasu. Ni mayafina na da na yafa.

Sai na fito da babban kaya, guga da igiya. Yaran yanzu sun saba da famfo, ba su san rijiyar daji ba ta da guga ba. Kowa da nasa yake zuwa, da nasa yake tafiya. Na sa wani tsoho ya tufka mini sabuwar igiyar rama, na tsaya a kansa ina aunawa da hannuwana a buɗe. Rijiyar gawo gaba goma sha ɗaya ce, na san wannan kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Na ƙara gaba ɗaya na riƙo. Goma sha biyu. Taubashiyata ta ce a ƙara ko uku ne, ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na ce wanda ba shi zai ɗauka ba, shi ke cewa a ƙara. Na naɗe ta na sa a ƙwaryata.

Kafin su watse na gaya musu doka ɗaya, na sa kowa ta maimaita: ba a ƙarar da ruwan hannu sai an ga na guga.

Ranar Alhamis muna sallame asuba muka fita. Ni a gaba da sanda, matar ɗana a bayana inda zan ji numfashinta, malama, sai taubashiyata a ƙarshe tana ƙorafin takalmi. Iskar safiyar nan ta bazara, kafin rana ta tuna da mutane, ba abin da ya kai ta daɗi. Gonaki fayau, sai kututturen kara. Kurciyoyi na kuka. Muka faɗa burtali, aguwa dama da hagu, yashin da sanyinsa yana shiga tsakanin yatsu. Ƙafata ta gane hanyar tun kafin idona.

Ina tafe ina nuna musu. Ga sawun kububuwa a yashi, a karkace, ta wuce ba da daɗewa ba. Ba a tsallake kututture, kewaya shi ake yi. Ba a sa hannu ƙarƙashin sabara, ba a zama a gindinta sai an buga da sanda. In za a kewaya bayan daji, a faɗa, a tsaya jira, kada wadda ta ɓace wa idona. Malama tana saurare kamar ita ce ɗaliba, har tana tambaya. Hantsi bai yi ba ƙasan hijabinta ya zama kamar bushiya. Taubashiyata ta ce ta taimaki al'umma, ta share wa na baya hanya, Allah ya ba da lada. Malama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, muka taru muna tsince mata. Sau biyu na cire wa taubashiyata ƙaya, sau biyun tana cewa da gangan nake zurfafa hantsaki.

Da muka haye ƙorama na hango kuka mai kogo, sai da na tsaya. Tana nan yadda na bar ta. Na je na dafa ta. A cikin kogon nan na taɓa fake wa guguwa da ɗana a baya. Na gaya wa matarsa, ta leƙa ciki tana murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta a satin nan. A gangaren tudu na biyu ban san lokacin da na tattare zani na sauka da gudu ba. Taubashiyata ta ce a shaida, tsohuwa ta haukace, in mun koma sai an yi mata ruƙiyya.

Daga nan rana ta buɗe ido. Yashi ya fara ƙuna ta gefen takalmi, hira ta mutu. Ina ba da izinin sha maƙurwa biyu biyu, matar ɗana uku. Ina jin numfashinta yana gajarta. Da muka hau tudu na uku, rana na tsaka, sai ga kan gawo can ƙasa, kore shar shi kaɗai a cikin farin daji, don gawo da rani yake ganye. Daɗi ya kama ni. Na cika alkawari, na kawo su daidai lokacin da na faɗa. Na juya na ce su shanye, su zuba ragowar a ka, ga ruwa can. Ni da bakina. Na kwance gorata na juye wa matar ɗana a ƙeya, tana ajiyar zuciya. Muka gangara da jarkoki suna ƙara fanko.

Ba kowa a rijiyar. Fulani sun yi kudu da shanunsu, sai busasshen kashin shanu da kwamin itace na shayar da dabbobi ya tsage. Itatuwan bakin rijiyar suna nan da zanen igiyoyi a jikinsu. Na yi bisimilla na zura guga. Igiya na gudu a tafin hannuna, ina jiran ƙarar nan da guga ke yi in ya mari ruwa. Igiya ta ƙare. Ban ji komai ba.

Na durƙusa, na miƙa hannu har kafaɗa. Gugan na lilo a iska. Na kwanta rub da ciki na leƙa. Ruwan na can, yana ƙyalli kamar kwabo, tsakaninsa da guga ya kai gaba biyu ko fiye.

A nan kwance na gane. Duk zuwan da na taɓa yi wa rijiyar nan da kaka ne, bayan an kai amfani gida, lokacin da ake bukukuwa, ƙasa ta ƙoshi da ruwan damina. Ban taɓa ganin ta da bazara ba. Gaba goma sha ɗayan da na riƙe shekara da shekaru, awon kaka ne.

Na tashi zaune. Har taubashiyata ta bar zolaya, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Gaba tafiyar rabin yini ce, baya ma haka, ba ko ɗigo a hannunmu. Matar ɗana ta jingina da gawo, leɓenta ya bushe ya yi fari, hannunta ɗaya a kan mararta ba ta ma san ta ɗora ba. Taubashiyata ta ga hannun, ta dube ni. Ta gane, kuma ta gane na sani tun a gida.

Na miƙe na fara kwance zanina. Malama ta riƙe mini hannu.

"Inna, tsaya. Naki zanin ya tsufa, zai yage."

Ta duba gabas da yamma, ta hau kan kwami ta ƙara dubawa. Sannan ta cire hijabin nan ta miƙo mini, da sauran ƙarangiyarsa. Ta ce sabo ne, yadin yana da ƙarfi, kuma rai ya fi gaban komai. Sauran biyun suka cire nasu. Ga mu mata huɗu a tsakiyar daji daga mu sai ɗankwali.

Sai gardama ta tashi, ni kuwa gardama ta dawo mini da hankalina. Taubashiyata ta ce a ɗaura su ta wajen guga. Na ce a'a, in suna ƙasa su za su ɗauki nauyin ruwa tun daga ƙasa har sama. A sa su ta wajen hannu, ja uku ko huɗu igiya ta shigo hannunmu. Ta ce in kuwa ƙulli ya zame fa, guga da igiya duk sun tafi, sai mu zauna mu yi ta kallon juna. Gaskiyarta ce. Yadin hijabi santsi gare shi kamar kifi. Na ƙulla biyu, muka ja ni da ita, ƙullin ya sulale ya kwance. Na sake wani iri, ya sake kwancewa.

Daga gindin gawo matar ɗana ta yi magana, murya ƙasa ƙasa, don ba ta saba sa baki in ina magana ba. Ta ce uwarta in za ta ɗaure buhun da ba shi da kunne, tsakuwa take sawa a kusurwa, ta naɗe ta, ta ɗaure a bayanta, igiya ba ta iya tsallake tsakuwar. Na ce a nemo tsakuwa. A ƙasar yashi tsakuwa ba ta da arha. Muka bazu muna tono, malama ta samo ɓaraguzan fasasshen tulu a bayan kwami. Muka naɗe kowane a bakin yadi, na yanko ɗan guntun igiya daga kunnen guga na warware shi, na ɗaure kowace mahaɗa a bayan ɓaraguzan tulun tamau. Muka ja mu biyu biyu kamar masu wasa, har taubashiyata ta faɗi zaune. Bai motsa ba.

Na zura. Igiya ta ƙare, hijabin taubashiyata ya shiga, na matar ɗana ya shiga. Shiru. Na malama ya fara shiga, rabi, ya wuce rabi, sauran abin da ke hannuna bai fi kamu biyu ba. Malama ta riƙe ƙuguna ta baya, taubashiyata ta riƙe nata. Na sunkuya. Sai na ji shi, can ƙasa, ɗan ƙaramin mari, igiyar ta yi sako-sako a hannuna.

Ban bari ya cika ba. Na girgiza sau biyu, na ji ya yi rabi, na fara ja a hankali ina ɗaga yadin kada ya goga da itace. Ina jin zaren yana kuka. Mahaɗa ta farko ta fito, ta biyu, ta uku, sai ga ramar a tafin hannuna, mai kaushi. Taubashiyata ta rangaɗa guɗa tun gugan bai fito ba, tsuntsaye suka watse daga kan gawo.

Ruwan jawur yake, yana warin shanu. Na tace da gefen ɗankwalina na ba matar ɗana da hannuna, kaɗan kaɗan, ina janye ƙwaryar in ta yi gaggawa. Sau tara muka zura. Muka cika jarkoki da gora, muka jiƙa buhunan, muka yi alwala, muka dama fura. Sannan muka kwance hijabai don a yi salla. Na malama ya ƙara tsawo a gefe ɗaya, ya karkace. Ta saka abinta haka ta ja mu.

Sai da kowa ta ƙoshi ta miƙe ƙafa bakin taubashiyata ya dawo.

"Uwar ayari, maimaita mana dokar nan mana. Ba a ƙarar da mene ne?"

Na ce ta rufe mini baki. Ta ce ai ita ɗaliba ce, karatu take nema. Ta bi ni da wannan har la'asar, har ƙofar gari. Na bar ta, don ta yi nasara.

Rana na kan itatuwa muka shiga. Uwar yarinyar tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago, rariyar ta faɗi. Ba ta rungume ta ba, kunyar idon mutane. Ta dai kama ta ta kafaɗu ta dube ta sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kan cikinta, sannan ta dube ni. Na ce mata ruwa muke so, mai sanyi. Ta ja 'yarta ɗaki, ba mu ƙara ganinsu ba sai bayan magariba.

Aka yi suna, muka kwana uku. Kafin mu juyo na sa aka tufka mini ƙarin gaba biyar, na haɗa da kaina. A rijiyar gawo ba wadda ta taɓa ragowar ruwanta sai da guga ya fito, ni ce ta ƙarshen sha.

Ɗana na zaune a zaure muka iso. Ya dubi matarsa, ta yi baƙi ta yi fes, tana tafe da ƙarfinta. Ban bari taubashiyata ta riga ni ba. Na ajiye ƙwarya na gaya masa duka a tsaye: igiyar da ta gaza, ruwan da na sa aka zubar, da abin da na sani na ɓoye masa. Matarsa ta tsaya a bayan ƙyaure, ina ganin yatsun ƙafarta. Ya ɗauki igiyar ya juya ta, ya shafa mahaɗar sabuwa da tsohuwa.

"Yanzu gaba nawa ke nan?"

Na ce goma sha bakwai, ban da ɗan abin da na yanka.

Ya ce in za mu koma da goyo, a cika ta ashirin, shi zai biya mai tufka.

Da kaka ta haihu, mace. Da ta yi arba'in muka koma, wannan karo mu tara, don labari ya zaga gidaje. Ruwan rijiyar ya hau, rabin igiyar nan a ƙasa ta kwanta ba ta yi aikin komai ba. Ni na ɗauke ta zuwa da dawowa, ban kuma ba kowa ba.